Hedifon Mai Igiya da Bluetooth: Yadda Ake Zaɓen Na Aikin Situdiyo

Idan ka shiga shago za ka sayi hedifon na aikin situdiyo, irin wanda ke aiki da igiya kuma yake aiki da Bluetooth, abu na farko da za ka yi shi ne ka kashe shi. Ka danne maɓallin har fitilarsa ta mutu, ka soka igiya, sannan ka saurara. Abin da ka ji a wannan hali shi ne ainihin abin da za ka biya kuɗinsa. Mai shago zai fi son ya haɗa maka shi da wayarsa, ya sako kiɗa mai dukan ƙirji, ya ce ka ji yadda yake tashi. Ka bar shi ya gama, amma ka san cewa ɗaukar murya da haɗa sauti duk da igiya ake yin su. Bluetooth ƙari ne a kai.

Ba laifi ba ne mutum ya nemi biyun a abu ɗaya. Tun da kamfanin Apple ya cire ramin hedifon daga iPhone 7 a 2016, manyan wayoyi da yawa suka bi sahu. Mai haɗa waƙa ko mai shirya hira yana son ya fita daga situdiyo ya ci gaba da sauraron aikinsa a waya, kuma ba kowa ke da kuɗin sayen hedifon biyu masu kyau ba. Matsalar ita ce kasuwa cike take da hedifon na jin daɗi waɗanda aka rubuta wa sunan situdiyo a kwali, aka jefa musu igiya a ciki.

Abin da ake nema a hedifon situdiyo

Hedifon situdiyo mudu ne, aikinsa awo. Wanda aka ƙara wa bes, wato sautin ƙasa mai kauri, don ya burge mai saye mudu ne da aka bubbuga wa gindi: ka auna da shi a situdiyo ka ga ya cika, ka kai waƙar sifikar mota ko ta gidan biki ka tarar da gibi. Hedifon da ya kumbura maka bes zai sa ka rage shi a cikin aikin, waƙar ta fita a bushe. Wanda ya dusashe siririn sauti zai sa ka yi ta ƙarawa, har “s” da “ts” na mawaƙin su riƙa tsaga kunnen jama'a. Hausa kuwa tana da baƙaƙe masu fita da ƙarfi, irin su “ts” da “ƙ”, waɗanda makirfo ke kamawa da kaifi, don haka mai ɗaukar muryar Bahaushe yana bukatar jin wannan sashe yadda yake.

Za ka ga an rubuta a kwali cewa hedifon yana fitar da sauti daga 20 Hz zuwa 20 kHz, wani ma har 28 kHz ko 40 kHz. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Iyakar jin ɗan Adam daga 20 Hz zuwa 20 kHz ne, shi ma ga yaro mai lafiyayyen kunne, kuma hedifon na bakin titi ma haka ake rubuta masa. Adadin bai faɗi yadda aka raba ƙarfi tsakanin ƙasa da tsakiya da sama ba, alhali nan ne maganar take.

Jinkiri

Wannan shi ne dalilin da ya sa igiya ba ta da madadi, kuma ya kamata a tsaya a kansa sosai.

Sauti ba ya tafiya ta Bluetooth kai tsaye. Waya ko kwamfuta sai ta matse shi, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta aika ta iska. Hedifon ya karɓa, ya tara kaɗan a ajiye don kada sauti ya yanke idan wani guntu ya ɓata a hanya, sannan ya warware ya mayar da shi abin da kunne zai ji. Duk wannan yana cin lokaci, yawanci tsakanin milisakan 100 da 300. Milisakan kashi ɗaya ne cikin 1,000 na daƙiƙa, sai mutum ya ga kamar ba wani abu ba ne. Bari mu auna.

Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa ɗaya a cikin iska. Jinkirin milisakan 200 daidai yake da ka tsaya kusan mita 70 daga makaɗi kana son ka bi kiɗansa. A kiɗan da ke tafiya bugu 120 a minti, kowane bugu milisakan 500 ne, rubu'insa kuwa 125. Ke nan jinkirin ya zarce rubu'in bugu. Mai buga fiyano zai danna ya ji sautin ya zo bayan yatsansa ya tashi. Mai kalangu da ke ɗora kiɗansa a kan wanda aka riga aka ɗauka zai bi abin da kunnensa ke ji daidai, amma a kwamfuta duk bugunsa zai faɗo a makare. Mawaƙi ya fi kowa shan wahala, domin yana jin muryarsa ta cikin ƙasusuwan kansa nan take, sannan ta hedifon ta biyo baya. Da tazarar ta wuce milisakan 10 zuwa 15 mutane da yawa suna fara jin wani abu ba daidai ba, idan ta kai 200 kuwa harshe ma sarƙewa yake yi.

Masu aikin fim su ma abin ya shafe su. A bidiyon da ke tafiya hoto 25 a daƙiƙa, kowane hoto milisakan 40 ne, jinkirin 200 ya zama hoto 5. Mai ɗora muryar Hausa a kan fim ɗin Indiya, ko mai daidaita maganar jarumi da motsin bakinsa a fim ɗin Kannywood, idan ya yi aikin da Bluetooth zai ga komai ya zauna a wurinsa, ya fitar da fim baki na gaba magana na baya, ko akasin haka.

Abin da ke yaudarar masu saye shi ne YouTube da Netflix. Mutum ya kalli bidiyo da hedifon ya ga baki da murya suna tafiya tare, ya ce ai wannan ba shi da jinkiri. Yana da shi. Wayar ce take riƙe hoton kaɗan don ya jira sautin. Wannan dabara tana yiwuwa ga abin da aka riga aka ɗauka, ba ta yiwuwa ga muryar da ke fita daga bakinka yanzu.

Akwai kuma wani cikas da ba a cika faɗa ba. A situdiyo sauti yana fita ne ta na'urar da ake soka makirfo a cikinta, irin su Focusrite Scarlett da Behringer UMC, waɗanda aka fi kira sawun-kad. Waɗannan ba su da Bluetooth. Suna da maɓallin da ke mayar da muryar makirfo zuwa hedifon kai tsaye ba tare da ta bi ta kwamfuta ba, kuma ta ramin igiya kaɗai wannan ke fita. Wanda ya koma Bluetooth ya bar wannan hanya gaba ɗaya.

Shin babu mara igiya da za a iya ɗaukar murya da shi? Akwai, amma ba Bluetooth yake amfani da shi wajen aikin ba. Kamfanin AIAIAI na ƙasar Denmak yana da TMA-2 Studio Wireless+, wanda ke zuwa da ƙaramar na'urar aikawa tasa da ake sokawa a ramin hedifon, jinkirinsa milisakan 16, kuma yana da Bluetooth da igiya daban. Ga mai haɗa kiɗa da ke yawo tsakanin fiyano da kwamfuta ya yi kyau. Kuɗinsa dai ba na mai farawa ba ne, kuma 16 ɗin ma ƙari ne a kan jinkirin da kwamfuta take da shi. Akwai kuma aptX Low Latency da ke saukar da jinkirin Bluetooth zuwa kusan 40, sai dai dole mai aikawa da mai karɓa su zama duka suna da shi, wayoyi kuwa ba kasafai suke da shi ba.

Ingancin sautin Bluetooth

Nan maganar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Hanyoyin matse sauti da za ka gani a kwali su ne SBC, AAC, aptX da LDAC. SBC kowace na'ura tana da shi, yana kai wa kusan 328 kbps. AAC shi iPhone ke amfani da shi, kuma yana da kyau a can. Na kamfanin Qualcomm shi ne aptX. LDAC na Sony ne, yana kai wa 990 kbps, kuma ya shigo Android tun daga sigar 8.0 ta 2017. Dukkansu suna zubar da wani ɓangare na sautin, ko da kunne bai lura ba. Mai iPhone kada ya ƙara ko sisi don LDAC, wayarsa ba ta san shi ba. Mai Android zai amfana da shi, amma a wuri mai cunkoson wayoyi da Wi-Fi yakan sauka zuwa 660 ko 330, ko ya riƙa yankewa.

Makirfon da ke jikin hedifon na amsa kira ne. Da zarar ya buɗe, Bluetooth yana sauya hanya, sautin ya koma siriri irin na tarho. Ba a ɗaukar shiri da shi.

Igiyar kanta, da abin da ke faruwa idan batir ya mutu

Hedifon masu Bluetooth iri biyu ne ta wannan fuska. Akwai wanda asalinsa na igiya ne, aka ƙera sifikunsa su ba da sauti daidai da kansu, daga baya aka ƙara masa batir da Bluetooth. Akwai kuma wanda sifikunsa ba su daidaita ba sai da taimakon ƙaramar kwamfutar da ke cikinsa, wadda ke gyara sautin muddin yana kunne. Irin na biyu idan ka kashe shi ka soka igiya sai ka ji sautin ya toshe, ko bes ya yi ambaliya, kamar ba shi ne ka ji ɗazu ba. Yawancin masu kashe hayaniyar waje da ake sayar wa matafiya haka suke. Wasu ma ba sa motsi sam idan babu caji, ko da igiya: AirPods Max na Apple misali ne. A ƙasar da wutar lantarki ke tafiya ba sallama, hedifon da ba ya aiki sai da caji bai cancanci zama a situdiyo ba.

Fasahar kashe hayaniya tana da daɗi a mota ko kusa da janareta, domin ƙugi mai ɗorewa shi ta fi iya dannewa. Amma tana taɓa sautin, musamman ƙasansa. Idan hedifon yana da ita, ka tabbatar ana iya kashe ta.

Igiya ta zama mai cirewa, domin ita ce ke fara lalacewa a kowane hedifon. Ka duba bakin da ke shiga jikin hedifon: idan 3.5 mm ne na gama-gari, ko'ina za ka sami madadinsa, idan kuwa wani baki ne na kamfanin kaɗai, ka tambayi inda ake samunsa tun kafin ka biya. Ramin sawun-kad da na miksa 6.35 mm ne, don haka kana bukatar ɗan kan da ke mayar da ƙarami babba, kuma mai murɗawa ya fi mai turawa zama. Tsawo ma abin dubawa ne. Igiyar mita 1.2 ta ishi mai waya a aljihu, ba ta ishi mawaƙin da ke tsaye gaban makirfo ba, shi sai mita 3.

Maganar om kuwa, wato ma'aunin turjiyar sifika ga wuta, gajeriya ce. Masu Bluetooth kusan duka om ɗinsu kaɗan ne, kowace waya ko kwamfuta za ta iya tuƙa su. Sai a masu igiya zalla ake samun irin Beyerdynamic DT 770 Pro mai om 250 ko Sennheiser HD 600 mai 300, waɗanda ke son amfilifaya.

Rufaffe, da zaman kunne

Wanda bayansa yake rufe shi ake ɗaukar murya da shi, don kada kiɗan da mawaƙi ke ji ya tsiyayo ya shiga makirfo. Mai buɗaɗɗen baya ya fi ba da faɗin sauti wajen haɗawa, amma na kusa da kai yana jin duk abin da kake ji. Masu Bluetooth na situdiyo kusan duka rufaffu ne, an hutar da kai zaɓi.

Rufaffen hedifon bes ɗinsa ya dogara ne da yadda soson ya manne da fata. Hannun tabarau, gefen hula, ɗankwali ko hijabi da ya shiga tsakani, duk suna buɗe ƙofa bes ya gudu, kiɗa kuma ya fita waje. Ka gwada shi yadda za ka riƙa sa shi. Idan mata suna waƙa a situdiyonka, ka nemi mai faɗin soso da matsi matsakaici wanda zai zauna a kan mayafi. Batir yana ƙara nauyi, yawancinsu suna kusan giram 300, kuma nauyin da ba ka ji ba a minti 5 za ka ji shi a wuya bayan awa 3.

Soson fatar roba ba ya jure zafi da gumi. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, kamar Kano ko Sakkwato ko Damagaram, zai fara ɓarewa da wuri, ya riƙa bar maka baƙin ɓawo a kunne. Ba a hana wannan, sai dai a sauya, don haka ka zaɓi hedifon da ake samun sosonsa a kasuwa. Na yadi ya fi sanyi, amma yana rage bes yana kuma barin sauti ya fita.

Waɗanda suka cancanci a duba

Audio-Technica ATH-M50x ya fito a 2014, ya zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi gani a situdiyo. An yi masa na Bluetooth a 2018, sannan ATH-M50xBT2 a 2021 a kan dala 199. Sifikunsa na 45 mm ne kamar na asalin, batirinsa awa 50, yana da AAC da LDAC, ba shi da kashe hayaniya, kuma yana aiki da igiya ko babu caji. Ni a kunnena bes ɗinsa da samansa sun ɗan fi tsakiya ƙarfi, sai mutum ya saba da shi kafin ya yarda da hukuncinsa. Igiyar da ke cikin kwalinsa ta mita 1.2 ce, doguwar sai ka saya.

AKG K371-BT an daidaita shi ne kusa da ma'aunin da Sean Olive da abokan aikinsa suka fitar a kamfanin Harman bayan gwajin sauraro da mutane masu yawa. Don haɗa murya na fi karkata gare shi, tsakiyarsa ta fi fitowa fili. Batirinsa awa 40, yana zuwa da igiyoyi 3, biyu daga ciki na mita 3. Ba shi da LDAC, bakin igiyarsa ba na gama-gari ba ne, kuma jikinsa yana son lallaɓawa. A ƙasa da waɗannan akwai ATH-M20xBT, wanda ya ishi mai shirya hira ko mai karanta labarai. Masu araha irin OneOdio A70 suna da ramin igiya babba da ƙarami, sun yi wa mai kiɗan biki, amma bes ɗinsu ya yi yawa ga mai awo.

Gwaji a shago

Ka tafi da waƙoƙi 3 ko 4 da ka sani ciki da bai, a sigar WAV ko FLAC, ba waɗanda suka sha yawo a waya har suka ƙanjame ba. Ɗaya ta zama murya zalla, kamar karatu ko hira. Ɗaya mai ganga da kalangu, ɗaya mai kaifin sauti irin goge ko algaita. Idan wayarka ba ta da rami, ka riƙe ɗan kan USB-C mai fitar da 3.5 mm.

Bayan ka saurara a kashe da igiya, ka sa muryar nan ka rufe ido. Ya kamata ta zauna a tsakiyar kanka. Idan ta karkata dama ko hagu, sifikun biyu ba su yi daidai ba, ka ajiye shi. Ka motsa igiyar a bakinta ka ji ko za ta yi ƙarar yankewa. Ka sa wa wani a kai, ka ƙara sauti zuwa yadda mawaƙi zai so, ka tsaya kusa da shi ka ji abin da ke fita. Sannan ka cire igiya ka kunna Bluetooth, ka maimaita waƙoƙin a ƙarfi ɗaya. Daidaita ƙarfin wajibi ne, domin kunne kullum yana zaɓar wanda ya fi ƙara ya ce shi ya fi daɗi. Idan sautin hanyoyin biyu ya yi kusa, ka sami abin da kake nema, domin abin da za ka ji a hanya zai yi kama da abin da ka bari a situdiyo. Don jinkiri, ka buɗe manhajar fiyano a waya ka buga da yatsa, nan take za ka ji tazarar.

Jabu ya yi yawa, musamman na sunayen da suka yi fice. Ko a Alaba ta Legas kake ko a Sabon Gari ta Kano, farashin da ya faɗi ƙasa warwas shi ne alama ta farko, araha ba ta ado. Ga ATH-M50xBT2 akwai gwaji mai sauƙi: kamfanin yana da manhajar waya mai suna Connect, ka sauke ta ka ga ko za ta gane hedifon. Na hannu kuwa, ka saye shi a farashin mai igiya, domin mai yiwuwa batirinsa ya riga ya ci rabin rayuwarsa ko fiye.

Batir da kunne

Batirin lithium yana raguwa bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, kuma zafi yana gaggauta mutuwarsa. Kada a bar hedifon a motar da aka rufe a rana. Kada kuma a yi aiki da shi yana caji, musamman a wutar janareta, domin ƙugin wutar yakan biyo ya shiga sautin. Sony MDR-7506, mai igiya zalla, yana kasuwa tun 1991, kuma akwai masu riƙe da guda ɗaya shekaru aru-aru suna sauya soso. Batir ba zai yi wannan tsawon rai ba. Hedifon da ke da kyau a kashe, ranar da batirinsa ya mutu zai ci gaba da aiki a situdiyo kamar ba abin da ya faru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar sauraro ga babba a desibel 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Mai aiki kusa da janareta yana ƙara sauti bai sani ba. Ka riƙa cire hedifon kowace awa, kuma idan kunne ya fara ƙara bayan aiki, ka rage.

Saura maganar aljihu. Idan kuɗinka ya kai ATH-M50xBT2 ko K371-BT na gaske, ka gwada su ka ɗauki wanda ya zauna maka. Idan bai kai ba, kada ka sayi mai araha don kawai yana da hanya biyu. Ka sa kuɗin a mai igiya mai kyau, irin ATH-M40x ko MDR-7506, ka sayi ƙaramin iyafis na Bluetooth da canjin da ya rage. Da irinsa yawancin masu sauraronka za su ji aikin, don haka ka riƙa gwada kowace waƙa a kansa kafin ka sake ta.